Wane makirfo zan saya da dubu 130? Ɗakina yana bakin titi

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Manya, ina neman shawara. Ina ɗan taɓa waƙa a gida, da laftof ɗin yayana nake aiki, a kan manhajar haɗa waƙa ta FL Studio. Abin da ke hannuna yanzu makirfon BM-800 ne da ɗan saun kad ɗin nan V8, wato akwatin da nake soka makirfon a ciki. Matsalar ita ce duk abin da na ɗauka sai ka ji wani "shiiii" yana bin ƙarƙashin muryar, ga fanka, ga adaidaita sahu in ya wuce har hon ɗinsa sai ya fito. Na tara naira dubu 130. Wani abokina ya ce in daure in cika in sayi AT2020, wai shi ne makirfon sutudiyo na gaske. Ɗakin siminti ne, ƙasa tayil, tagar kuma titi take kallo. Don Allah a ba ni haske kafin kuɗin su zirare.

Ɗan Jos:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Sayi AT2020 ka huta.

Injiniyan Zoo Road:
Wa alaikas salam ƙanina. Dakata tukuna. In ka sayo AT2020 ɗin, a ina za ka soka shi? Wannan makirfon kondensa ne, ba ya ko motsi sai an tura masa wuta bolt 48 ta cikin kebul ɗinsa, wadda muke ce wa fantom. V8 ɗinka ba ya ba da wannan wutar. Abin da ya sa BM-800 yake aiki da shi, ɗan ƙaramin kai ne a ciki wanda 'yar wuta kaɗan ta ishe shi, shi ya sa ma kebul ɗin da yake zuwa da shi bakinsa ɗaya irin na iyafis ne. To ka ga ranar da ka sayi AT2020, ranar ka ɗora wa kanka sayen intafes, wato akwatin da zai shiga tsakanin makirfo da kwamfuta. Shi makirfon kaɗai kusan dala 100 ake sayar da shi a waje, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Buga da canjin yau ka gani ko dubu 130 za ta kai ka ko'ina.

Da ni ne kai, ga yadda zan kasa kuɗin: makirfo dainamik, wato ɗaya nau'in da ba kondensa ba, mai araha, irin Behringer XM8500, wanda a waje bai wuce dala 20 da 'yan kai ba. Sai ƙaramin intafes, UMC22 ko UM2. Sai kebul XLR mai kai uku gaba da baya, da sandar tsayar da makirfo. In wani abu ya yi saura, hedifon mai rufe kunne ruf. Dainamik ba ya kwasar hayaniyar ɗaki kamar kondensa, kuma ɗakin da ka siffanta ɗakin dainamik ne.

Ɗan Jos:
Haba Injiniya! Dainamik ai na masu wa'azi ne da MC a wurin biki. Wane sutudiyo ka taɓa shiga ka ga mawaƙi riƙe da makirfon ɗaurin aure? Kai kanka abin da ke rataye a naka sutudiyon kondensa ne, mun gani a hotunan da kake sakawa. Billie Eilish ma da AT2020 yayanta Finneas ya fara ɗaukar muryarta, a ɗakin kwana, a gidan iyayensu a Los Angeles. Yaro yana son ya ci gaba kana mayar da shi baya.

Injiniyan Zoo Road:
Ɗakin kwanan nasu akwai mai faci a ƙofar gida da janareta? Ni ɗakin da na rataye kondensa sai da na yi masa bango biyu da ƙofa biyu, kuɗin ɗakin ya ninka na makirfon ban san iyaka ba. Shi wannan yaron tagarsa titi take kallo.

Baban Sauti:
Salamu alaikum. Injiniya, shawararka na yarda da ita, dalilin da ka bayar ne ban yarda da shi ba, kuma gara a gyara tun da yara suna karantawa.

Makirfo ba shi da hankalin da zai ware muryar mutum daga ƙarar babur. Dainamik 'yar fata ce siririya da aka manna wa naɗin waya, naɗin yana cikin maganaɗisu; iska ta kaɗa fatar, wayar ta motsa, wuta ta fito. Kondensa kuma faranti biyu ne dab da juna, na gaban siriri ne ƙwarai ba shi da nauyi, shi ya sa yake kama ƙananan abubuwa na saman sauti, irin numfashi da harafin "s" da kaifin murya. Amma in ka ajiye su wuri ɗaya, nisa ɗaya da baki, ka daidaita ƙarfinsu, za ka tarar da babur ɗin yana cikin duka biyun.

Abin da yake raba su a aikace nisa ne. Ƙa'idar ita ce duk sanda ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo, muryar da take isa gare shi tana raguwa da kusan desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Mai dainamik yana waƙa da leɓensa santimita 5 daga raga. Mai kondensa yakan ja baya kamar santimita 20. Daga 5 zuwa 20 an ninka sau biyu ke nan, muryar ta faɗi da wajen desibel 12, alhali ƙarar titi tana nan yadda take, ba ta san ka matsa ba. Sai ka murɗa maɓallin ƙara ƙarfi da aka rubuta Gain don ka cike giɓin, titi da fanka da amsawar bango duk su taso tare da muryar. Wannan shi ne sirrin. Da za ka iya manna baki a kondensa kamar yadda ake yi wa dainamik, da bambancin da ke tsakaninsu ya ragu sosai.

Injiniyan Zoo Road:
Baba na karɓi gyara a kan ilimin. Amma a aikace wa zai manna baki a kondensa? "Fa" da "ba" kaɗai sun isa su fasa ɗaukar, ga tururin baki yana shiga kan. Ƙarshenta dai wuri ɗaya muka sauka.

Baban Sauti:
Wuri ɗaya muka sauka, amma shi yaron yanzu ya san dalilin da zai sa ya matso kusa. Na sha ganin wanda ya sayi dainamik ya tsaya nesa da shi kamu biyu, sannan ya dawo yana cewa an cuce shi.

Ɗan Kurna:
Na gode Baba, na gode Oga Injiniya. Ni kam BM-800 ɗin ta samansa nake waƙa, ina nuna shi ga bakina kamar yadda ake riƙe na masallaci. Daidai ne?

Injiniyan Zoo Road:
Inna lillahi. A'a ƙanina. Irin waɗannan ta gefe suke ji, ba ta ka ba. Tsayar da shi tsaye, ka fuskanci gefen da rubutun yake, shi ne gaba a yawancinsu. In kana shakka, sa hedifon ka riƙa magana kana juya shi a hankali, inda muryar ta fi cika nan ne gabansa. AT2020 ma haka yake, ta gefen tambarin ake shiga. Ka gwada wannan yau da dare kafin ka kashe ko sisi, za ka ji bambanci. Amma "shiiii" ɗin ba zai tafi duka ba, wani daga cikin makirfon yake, wani daga V8.

Sarkin Zolaya:
Ku bar wahalar da yaro. A zuba manhajar Auto-Tune a kai, komai ya wuce. Rabin waƙoƙin da ake sakawa a gidan biki haka aka yi su.

Injiniyan Zoo Road:
Auto-Tune karin murya yake gyarawa, ba ya share datti. Hasali ma in hayaniya ta yi yawa ruɗewa yake yi, ya rasa wane sauti zai bi, sai ka ji muryar tana rawa a inda ba a so. Wani abin da nake roƙon masu V8: don girman Allah in za ku kawo mana murya miksin, wato mu gyara ta mu haɗa ta da kiɗa, ku murɗe maɓallin eko ɗin nan zuwa ƙasa gaba ɗaya kafin ku ɗauka. Eko in ya shiga cikin ɗauka ya zama jiki ɗaya da muryar, ba mai iya cire shi da kyau. Ku kawo murya busasshiya, mu za mu sa mata abin da ya dace. V8 an yi shi ne don masu hira kai tsaye a TikTok da Facebook, shi ya sa aka cika shi da tafi da dariya. A wurinsa yana da amfani, ba na kushe shi.

Anti Mai Guɗa:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki, tunda ni ma a gida nake yi, waƙoƙin amare da na suna. Ɗan Kurna, laftof ɗin ka ce na yayanka ne. Ranar da ya tafi da abinsa fa? Ni Samson Q2U nake amfani da shi. Dainamik ne, amma ƙasansa rami biyu ne, USB da XLR, ga kuma wurin soka hedifon a jikinsa. Ba na buƙatar wani akwati. Da 'yar mahaɗar OTG nake haɗa shi da wayata in buɗe manhajar ɗaukar waƙa ta BandLab, wadda kyauta ce, in ɗora kiɗan da aka turo mini in hau kai. In Allah ya hore na sayi intafes nan gaba, makirfon bai zama asara ba, sai in koma ramin XLR.

Wurin da nake ɗauka kuma kada ku yi dariya: gaban wadrob. Ina buɗe ƙofofinsa biyu, atamfofi da lesuka suna rataye, in tsayar da makirfon a bakinsa, in jingina katifar yara a bayana, ƙasa in shimfiɗa darduma biyu. Fanka a kashe. Zufa kam ana shan ta, baiti biyu nake yi in fito in sha iska. Wanda yake haɗa mini kiɗa da ya ji muryar sai da ya tambaye ni sutudiyon wa na je.

Baban Sauti:
Hajiya kin yi daidai, musamman katifar da kike sawa a bayanki. Mutane da yawa bayan makirfo suke toshewa su bar bayansu a buɗe. Waɗannan makirfon duka, da XM8500 da Q2U da AT2020, gabansu suke ji sosai, gefe kaɗan, baya kuma nan ne suka fi kurumta. To ina gaban yake kallo? Yana kallon mawaƙi da bangon da ke bayan mawaƙi. Muryarka ta je ta daki bangon gaba, ta dawo ta daki na baya, ta faɗo cikin makirfo. Saboda haka abu mai laushi da kauri bayan mawaƙi ya fi muhimmanci. Ɗan Kurna, kai kuma ka juya yadda bayan makirfon zai kalli tagar nan taka, kai kana fuskantar tagar. Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki cif, kada kuma ka shige lungu.

Ɗan Jos:
To duk wannan ɗawainiyar da katifa da wadrob, in an yi ta ai kondensa ma zai zauna lafiya. Abin da nake faɗa ke nan. Mace mai siririyar murya ko mai waƙar soyayya a hankali, dainamik mai araha yana danne mata kyan murya. Wajen kama siririn sauti na sama, XM8500 da SM58, shi ma dainamik ne, duka a wajen hertz 15,000 suke tsayawa, AT2020 yana kaiwa 20,000. Wannan iskar ta sama ita ce take sa ka ji waƙa ta yi tsada.

Anti Mai Guɗa:
Ɗan Jos, muryata siririya ce, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da waƙa don babu iska a sama. A lasifikar DJ da wayar hannu ake jin waƙoƙina.

Baban Sauti:
Maganar Ɗan Jos tana da ƙamshin gaskiya, kada a yi masa taron dangi. Katifa tana kashe amsawar ɗaki, kuma in ɗakin shiru ne kondensa zai fi fito da ƙananan abubuwa. Wanda yake zaune a unguwa mai shiru, ko ɗakinsa yana can ƙuryar gida, kuma kuɗinsa sun kai, ya sayi AT2020 da intafes, ba zai yi nadama ba. Wanda ya fi haka ƙarfi ya duba Rode NT1-A na Ostareliya, wanda hayaniyar cikinsa desibel 5 ce kacal, ta AT2020 kuwa 20. Amma katifa ba ta hana ƙarar titi shigowa. Waɗannan matsaloli biyu ne daban. Amsawar ɗaki abu mai laushi ke maganinta. Ƙarar waje kuwa sai nauyi da toshe kafa: bulo, ƙofa mai kauri, taga da ba ta da ramin da iska za ta bi. Wannan aikin magini ne, ba na dubu 130 ba.

Na Damagaram:
Salam alaikum mutanen Najeriya. To kwalin ƙwai fa? Nan wurinmu duk ƙaramin sutudiyo da ka shiga ka ga an manne bango da shi har sama.

Injiniyan Zoo Road:
Ɗan'uwa, kwalin ƙwai ya yi siriri, ba ya tare komai daga waje, abin da yake sha a ciki ma kaɗan ne, can saman sauti. Ga tara kyankyasai, ga saurin kama wuta. Bargo mai kauri da aka rataye ya ɗan bar bango da kamar faɗin tafin hannu ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Na Damagaram:
Madalla. Wani abin da ban ji an taɓo ba shi ne ƙura. Mu nan in hunturu ya shigo, ko ka rufe ɗaki sai ka shafa tebur ka ga hannunka ya yi fari. Wani abokin aikina kondensansa ya fara wata ƙara kamar ana soya abu, wai ƙura ce ta hau kan, da damina ta zo laima ta kama ta.

Baban Sauti:
Haka yake faruwa. Farantin kondensa yana ɗauke da caji, yana jan ƙura, ƙurar kuma tana riƙe laima. In an gama aiki a mayar da shi jakarsa, a jefa 'yan ƙullin nan na silika da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a bar shi a kan sanda tsirara. In dole ne ya kwana a kan sanda, a kifa masa leda mai tsabta. Kuma kada wanda ya hura masa iska da baki ko ya buga shi da yatsa wai yana gwaji. Dainamik ya fi jure wannan rayuwar tamu, wannan ma wani dalili ne.

Ɗan Kurna:
To Oga, na ga wani yana tallar Shure SM58 sabo a kwali, kuɗin bai kai rabin abin da ke hannuna ba. Tunda an ce dainamik, ba gara in ɗauki wannan ba? Na ji an ce shi ne babba.

Mai Gyaran Amfilifaya:
Tsaya nan ɗana, wannan layina ne. SM58 na gaske babba ne, ba musu. Kamfanin Shure na Amurka ya fito da shi tun 1966, har yau ana yin sa, yana faɗuwa ƙasa ya lotse ya ci gaba da aiki. Amma kuɗinsa a waje wajen dala 100 ne, kamar AT2020. Wanda ya ce zai ba ka sabo a kwali a ƙasa da rabin haka, ka tambayi kanka shi a ina ya samo. Da wuya a sami makirfon da aka fi yi wa jabu a duniya kamarsa. Ana kawo mini su gyara, kwali da takarda da jaka duk sun yi kama, sai ka kwance.

Abubuwan da nake dubawa: na farko nauyi. Na gaske giram 298 ne. Je da shi wurin mai sikelin zamani, in ka ga ya gaza sosai ka ajiye musu abinsu. Amma wasu masu jabun suna cusa ƙarfe a ciki don ya yi nauyi, saboda haka nauyi kaɗai bai isa ba. Na biyu, kwance shi ta tsakiya. Na gaske za ka ga waya biyu, ruwan ɗorawa da koriya, sun gangara cikin mariƙin inda aka binne 'yar taransifoma a cikin gam. Na jabu sau da yawa babu taransifomar, wayoyin sun zarce kai tsaye, ɗaurin dalmar ma a hargitse. Na uku, sa hedifon ka murza mariƙin a hannunka. Na gaske kansa a kan roba yake zaune, ƙarar hannu kaɗan za ka ji. Na jabu sai ka ji gurrr kamar ana jan kujera.

Kada kuma rubutun ƙasar da aka yi shi ya ruɗe ka. Shure suna da masana'anta a Meziko da Sin, saboda haka ganin an rubuta Sin ba shi ne shaidar jabu ba.

Ni a ganina XM8500 na gaske ya fi SM58 na ƙarya sau nawa. In kuma ranka SM58 yake so, nemi na hannu wurin masu ba da hayar kayan sauti ko coci da suka sabunta kaya. Ko ragar ta lotse ba komai, ana sayar da ragar daban.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri Baba. A ina zan duba a nan Kano?

Mai Gyaran Amfilifaya:
Zagaya Sabon Gari wajen masu kayan sauti, ka shiga shago fiye da ɗaya kafin ka ciro kuɗi. Yawancin kayan daga Alaba ta Legas suke zuwa. Sharaɗinka ɗaya: a haɗa maka a gabanka ka ji da kunnenka. Je da laftof ɗin da hedifon. Wanda ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, yi masa sallama.

Shugaban Zaure:
Tunatarwa: na goge saƙonni biyu na masu saka lambar waya suna cewa a same su ta inbos. Ba a talla a zauren nan. A ci gaba.

Ɗan Jos:
Tunda kun taru a kan dainamik, to ku faɗa masa aibinsa ma. Dainamik wutar da yake fitarwa kaɗan ce, sai an murɗa Gain sosai. A ƙaramin intafes in ka kai shi ƙarshe, "shiiii" ɗin da yaron yake gudu shi zai sake tararwa. Kuma UM2 da UMC22 a bit 16 suke tsayawa wajen zurfin ɗaukar sauti, ba su da direban ASIO nasu na kansu, wato 'yar manhajar da ke rage makarar sauti a kwamfuta, sai an sa ta gama-gari, ASIO4ALL.

Injiniyan Zoo Road:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa muka ce ya matso kusa. Mai waƙa da baki dab da raga ba ya buƙatar kai maɓallin ƙarshe. Wanda yake da wannan matsalar sosai shi ne mai sayen dainamik ɗin Shure SM7B don ya ga 'yan fodkas da shi, wannan yana neman Gain wajen desibel 60, ƙaramin akwati ba zai ɗauke shi da daɗi ba. XM8500 ba haka yake ba. In kuɗi sun ɗan ƙaru, UMC202HD ya fi, yana yin bit 24, yana da direbansa, ga ramin makirfo biyu. Focusrite Scarlett Solo, jan nan na Ingila, shi ma yana da kyau amma ya fi tsada. Duka suna da fantom, ranar da ya koma ɗaki mai shiru sai ya sayi kondensa ya soka, Ɗan Jos ya samu barci.

Ɗan Kurna, wajen ɗauka kada ka bari fitilar da ke jikin intafes ta yi ja. A FL Studio ka sa inda ka fi ɗaga murya ya tsaya wajen desibel -10 a ma'aunin sauti, sauran ya riƙa yawo ƙasa da haka. Muryar da ta yi ƙasa ana ɗaga ta, wadda ta fashe ta fashe ke nan. In ka ji muryarka tana makara a hedifon, danna maɓallin Direct Monitor a jikin akwatin. Kuma in ka matso sosai za ka ji muryar ta yi kauri a ƙasa, haka irin waɗannan makirfon suke. In ya yi yawa ka ja baya da yatsa biyu, ko a yanke sautin da ke ƙasa da hertz 80 zuwa 100 wajen miksin. Matacin iska kuma, wanda ake sawa tsakanin baki da makirfo don tare iskar baki, ba sai ka saya ba: lanƙwasa hangar ƙarfe ta zama zobe, ka ja siririyar safar mata a kai.

Sha'irin Zazzau:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ni tawa ta ɗan bambanta. Mu bege muke yi, ni da 'yan amshi huɗu da masu mandiri biyu. Makirfo ɗaya za mu iya saya. Shi ma dainamik ɗin?

Baban Sauti:
Wa alaikumus salam Malam. A'a, kai taka ta juya. Duk abin da muka faɗa a kan dainamik ya dogara ne ga mutum ɗaya ya manna baki. Mutum bakwai ba za su manna baki a raga ɗaya ba. In lallai tare kuke son ɗauka, kondensa ɗaya za ku sa, ku nemi wuri mai shiru da shimfiɗu, zaure mai darduma ko ɗakin ƙasa, wanda ya fi na siminti daɗin sauti. Sai ku yi miksin da ƙafafunku: kai a gaba kamu ɗaya ko biyu daga makirfo, 'yan amshi a bayanka su yi rabin da'ira, masu mandiri can baya, don mandiri ya fi murya ƙarfi nesa. Ku ɗauki baiti ɗaya ku saurara, wanda ya yi yawa ya ja baya taku ɗaya, wanda ya ɓace ya matso. Haka muke yi da makaɗa a da.

Injiniyan Zoo Road:
Ko kuma ku ɗauka bi da bi, Malam. Mandiri tukuna, sannan kai ka hau da hedifon, sannan 'yan amshi su taru su yi nasu sau biyu a jera. Ta haka dainamik ɗaya ya isa, kuma ya fi sauƙin gyara. Mandiri da kalangu ma dainamik suka fi so in za a matso kusa, shi ya sa dainamik ɗin Shure SM57 ya yi suna a kan ganguna.

Sha'irin Zazzau:
Injiniya, mun taɓa gwada bi da bi a wani sutudiyo. Sautin ya fita tas, amma shauƙin ya tafi. Masu mandirin nan ni suke bi, in na ja su ja, in na tsaya su tsaya. Da aka ce su buga su kaɗai suna bin ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta, sai abin ya zama kamar ba su ba. Ina ganin ta Baba za mu bi.

Na Damagaram:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In na jona caja a laftof sai in ji "zzzz" a hedifon, in na cire ya ɗauke. Makirfon ne?

Mai Gyaran Amfilifaya:
Ba makirfon ba ne, wuta ce. Wutarmu da taku duka sau 50 a daƙiƙa take kaɗawa, in babu waya ta ƙasa mai kyau a gidan, ko cajar ba ta asali ba ce, ko ana kan janareta ko ƙaramar inbata, ƙarar tana biyo USB ta shigo. Cika batir, cire caja, ka ɗauka. Ka tabbata kebul ɗinka XLR ne kai uku gaba da baya, don shi an yi shi ne ya kashe irin wannan ƙarar a hanya; mai bakin iyafis ko jak mai zobe ɗaya ba ya yi. Kada kebul ɗin makirfo ya kwanta jere da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Wayar hannu ma a nisanta ta da akwatin.

Anti Mai Guɗa:
Kuma in za ku tura wa mai miksin murya ta WhatsApp, ku fitar da ita WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ku tura a matsayin dokumen. In kuka tura ta kamar saƙon murya, matse ta yake yi, duk wahalar wadrob ɗin ta tafi a banza.

Ɗan Jos:
Ni dai ina nan a kan bakana. Ɗan Kurna, in ka sayi dainamik ɗin ka saka mana baiti ɗaya a nan, ni ma zan saka nawa na AT2020, kada a faɗi wanne ne wanne, 'yan zaure su zaɓa.

Injiniyan Zoo Road:
An yarda, da sharaɗin kai ma ka buɗe tagarka.